Man da Ya Ƙi Fita

Man tausa ba ya fita da ruwan sanyi. Duk wanda ya ce yana fita, bai taɓa wanke tawul ɗin gidan tausa ba, baki kawai gare shi. Mama ta san wannan fiye da yadda take so ta sani, don wata shida ke nan kullum safiya tana tsugune a bayan gidan 'yarta, tsakanin famfo da katanga, da baho uku a gabanta da tukunyar ruwa tana tafasa a kan gas.

Aikin yana da tsari, in ka tsallake ɗaya ka yi wahalar banza. Da fari sai a ware tawul tun yana bushe, a nemo inda man ya zauna, a goga masa sabulun wanke-wanke da yatsa har ya shige cikin zaren. Sannan a jiƙa shi cikin ruwan zafi da soda, irin zafin da hannu ke ja da baya da kansa. A cuɗa, a matse, a ɗauraye sau uku, a shanya a rana. Zannuwan gado sun fi sauƙi, amma su ma in aka kuskura aka yi musu guga da sauran maiƙo, shi ke nan, tabon ya zauna daram har zanen ya mutu. In kuwa tawul ya kwana a kwando, man yakan juya ya soma wani wari mai hawa kai.

Ɗakuna biyu na gaban gidan su ne wurin sana'ar 'yar tata, Auta. Labule fari, fanka na juyawa a hankali, ƙamshi ko'ina. Mata ke zuwa, masu ciwon baya da masu ciwon wuya da waɗanda babu abin da ke damunsu sai yawan hutu. Kowace ɗaya tawul uku da zanen gado ɗaya. Su fito suna miƙa suna cewa, "Kai Madam, wannan hannu naki kamar auduga!" Auta ta yi murmushi ta rako su har bakin mota, ta dawo ta kwaso kayan ta turo su ta ƙofar baya.

Hannun Auta kuwa ba ya taɓa ruwan wanki. Ko kofi ba ta wankewa. "Hannuna ne jarina, Mama," in ji ta, kuma gaskiya ce, babu matar da za ta kwanta a murje ta da hannu mai kaushi. Abin da ba a taɓa faɗa a gidan ba shi ne, laushin nan da ake yabo a ɗakin gaba, a bayan gida ake biyan sa da wata fatar.

Mama ba ta ƙorafi, don akwai abin da take jira. Auta na da ciki wata shida. 'Ya'yan da suka riga Auta zuwa duniya ba su zauna ba, saboda haka wannan ne jikan da Mama za ta fara gani. Tana so ita ce za ta karɓe shi, ita za ta yi masa wanka, ta ɗora shi a cinya ta shafa masa mai ta miƙe masa ƙafafu. Tana cuɗa tawul tana lissafa abin a ranta, har wani lokaci sai ta tsinci kanta tana yi wa baho murmushi.

To amma hannun ya soma ba ta tsoro. Da fari bushewa ce kawai da ƙaiƙayi. Sai fatar ta fara saɓulewa tsakanin yatsu. Sai gaɓoɓin suka tsage, tsaga siririya wadda ke rufewa da yamma ta buɗe da safe da zarar ta ji soda. Ranar da ta ga ɗigon jini a kan farin tawul, ba hannun ta fara dubawa ba, tawul ɗin ta yi maza ta sake jiƙawa.

Akwai injin wanki a gidan, sabo fil, a lungun kicin. Wata safiya Mama ta tsaya a bakin ƙofa tana goge hannu da gefen zane, ta ce, "Auta, wannan injin naku, ba zai ɗan taimaka mini da tawul ɗin ba? Ko ɗauraya ce."

Auta na zaune tana shafa wa yatsunta mai ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Haba Mama, kin manta abin da mai gyara ya ce? Man yana toshe shi. Kuma ranar da aka gwada, duk rigunan ofis ɗin maigidan suka ɗauki wari, sai da ya yi kwana biyu yana fushi. Ke kuma wankinki ya fi na inji fita, wallahi kwastomomi har tambaya suke wa ke mana wanki."

"Kina gaya musu?"

"Me?"

"Wa ke muku wankin."

Auta ta yi dariya. "Kai Mama, ke dai da tsokana."

Da abin ya ishi Mama, ta saci jiki da azahar ta je kemis ɗin bakin titi. Mai kemis mace ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta juya hannun Mama gaba da baya, ta danna wani yatsa, Mama ta ce "wash!" Matar ta cire tabarau ta dube ta.

"Baba, aikin me kike yi haka?"

"Ɗan wanki ne na gida."

"Wannan ba ɗan wanki ba ne. Soda ta cinye miki fata. Zan ba ki man shafawa, amma ba zan ɓoye miki ba, in ba ki raba hannun nan da ruwan zafi da soda na sati uku ba, maganin banza ne. Kuma in ƙwayar cuta ta shiga tsagar nan zai yi ruwa. Akwai yara ƙanana a gidan?"

"Ana dai jira."

"To ki warke kafin a sauka. Hannu mai ruwa ba ya taɓa jariri."

Maganar nan ta biyo Mama har gida. Sati uku kawai. Saura wata biyu da rabi a haihu, ai akwai lokaci, har da rara. Ta jira sai da surukinta ya dawo daga aiki ya ci abinci, sannan ta zauna daga nesa, a bakin kujera, kamar baƙuwa, ta faɗa musu abin da mai kemis ta ce.

Surukin mutum ne mai ladabi, irin ladabin da ba ya tsinana komai. Ya ajiye waya ya ce, "Subhanallahi! Sannu Mama. Ai lafiyarki ita ce gaba da komai. Masu kemis ɗin nan dai sai a hankali, tsoratar da mutane suke don a sayi magani, amma duk da haka za a duba. Za a san yadda za a yi." Ya ɗauki wayarsa.

Auta ta ce, "Mama, sati uku fa? Wannan watan ne aka fi cika. Bari mu wuce shi, sai na kai wa masu wanki na waje."

"Me zai hana yanzu?"

"Kin san halinsu. Za su haɗa mini fararen tawul da wandunan mutane, su dawo da su da wari. Kuma kayan da mata suka kwanta a kai tsirara, na miƙa wa wani ƙato a titi? Ke ma ba za ki so ba. Ɗan lokaci ne, Mama."

Washegari aka kawo mata safar hannu ta roba, irin siririyar nan da ake sa wa a shafa rini a gashi. Ta farko ta yage kafin ta gama tawul na biyu. Ta biyun ta cika da ruwan soda ta riƙe shi a kan tsagar, zogin ya kai mata har kafaɗa. Ta tuɓe ta jefar. Da surukin ya ga ta koma wanki da hannu tsirara, sai ya girgiza kai ya ce wa matarsa, a inda Mama ke ji, "Tsofaffi sai haƙuri. An saya musu abu, ba za su sa ba."

Watan da aka fi cika ya wuce, wanda ya biyo shi ya fi shi cika. Cikin Auta ya yi nauyi, ba ta iya sunkuyawa a kan gadon tausa, sai ta ɗauki wata mata da ta iya aikin. Matar nan kuwa hannunta a sake yake da mai, kwarara shi take kamar ba saya ake ba. Tawul ya riƙa fitowa sharkaf, yana ɗiga. Mama ta ce a ranta, ashe ana iya ɗaukar mutum aiki a gidan nan. Na ɗakin gaba ne dai ake iya ɗauka.

Ta faɗa a fili ma, sau ɗaya. Auta ta ɓata rai ta ce, "Mama, wannan ai shigo da kwastoma take. Wanki kuma ga ki a gida, me za a ce? A ce uwata na zaune na kawo bare tana shiga mini har bayan gida? Kuma ke da kanki kika ce zaman banza na sa miki ciwon jiki."

Ta faɗa kuwa, a satin da ta zo. Wa ya san maganar za ta zama igiya?

Yanzu yatsun ba sa lanƙwasuwa da safe sai ta jiƙa su. Maɓallin riga ya gagare ta. Cokali ma da tafin hannu take riƙe shi. Babban yatsan dama ya kumbura ya yi sheƙi, gefen farcen ya tara ruwa. Matsar tawul ce ta fi komai azaba, don babban tawul in ya sha ruwa nauyinsa ya kai na yaro, sai ta naɗe shi a jikin famfo ta murɗa da gwiwar hannu tana cije leɓe. Man mai kemis ya ƙare, ta matse bututun har ya zama kamar takarda.

Rannan wata kwastoma ta shinshina tawul ta ce tana jin wani abu. Auta ta fito bayan gida da shi a hannu, riƙe da yatsa biyu.

"Mama, don Allah a riƙa kula. Matar nan ba ƙaramar mace ba ce, in ta fita da magana ta kashe mini kasuwa."

Mama ta ɗago hannuwanta biyu daga baho, ruwa na zuba, ta miƙa mata su.

Auta ta kalla, ta kawar da kai da sauri. "Wayyo, Mama, kar ki nuna mini, kin san yanzu komai tayar mini da zuciya yake. Zan sa a sayo wani maganin."

Da ya rage sati uku cif a lissafin likita, Mama ta tashi da safe ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ba ta ɗora ruwa ba. Ta zauna a ɗakinta ta ɗora hannuwa a cinya. Kwando ya cika, aka kawo na biyu. Zuwa la'asar babu busasshen tawul ko ɗaya a cikin kabad, aka mayar da mata biyu gida. Auta ta shigo ɗakin tana dafe da ƙugu.

"Mama, lafiya?"

"Lafiya lau. Sati ukun nan nake so, Auta. Yau in na fara, ranar da za ki sauka na warke. Ban taɓa roƙon ki komai ba."

Auta ta dube ta. Sai hawaye. Ba na ƙarya ba ne, a gajiye take, ƙafafunta sun kumbura, tsoron haihuwar fari na cin ta. Ta ce, "Shi ke nan. Ki huta. Ni zan yi." Ta juya ta fita.

Mama na zaune ta ji ƙarar ashana, ta ji an ja baho a kan siminti. Ta leƙa ta taga. Ga Auta da tulin ciki tana ƙoƙarin tsugunawa, hannu ɗaya a katanga, ɗaya yana laluben tukunyar ruwan zafi. Ko da gaske za ta yi, ko so take a gani, Allah kaɗai ya sani, wataƙila ita kanta ba ta sani ba. Mama dai ba ta tsaya bincike ba. Ta fito da sauri ta ce, "Tashi! Tashi kar ki ƙona mini kanki." Auta ta tashi, kuma ba ta yi musu ko sau ɗaya ba. Mama ta tsoma hannu cikin soda, wannan karon ita ke hawayen, amma ta juya wa ƙofa baya.

Naƙuda ta zo ranar wata Talata da hantsi. Surukin ya fito da mota a gigice, ya kira mahaifiyarsa a waya ta same su a asibiti. Mama ta yafa mayafi ta fito da jakar kayan haihuwa rataye a gwiwar hannu. Auta na murƙususu a kujerar baya, amma sai da ta iya cewa, "Mama, ki zauna, akwai mutum biyar yau, kar a bar mai tausa ba tawul." Surukin ya karɓi jakar ya ce, "Da an sauka zan kira ki, Mama." Motar ta tafi ta bar ta a bakin ƙofa.

Tana shanya zanen gado na huɗu wayar ta yi ƙara. Sai da ta sha fama kafin yatsan ya iya dannawa. Namiji ne, uwa da ɗa lafiya. Mama ta zauna a kan bokitin da ta kife ta yi ta godiya ga Allah, tana dariya ita kaɗai a tsakanin igiyoyin shanya.

Kwana biyu suka yi a asibiti. A kwana biyun nan ta yi wa hannun duk abin da ta sani. Ta jiƙa shi a ruwan gishiri, ta matse ruwan yatsan tana salati, ta yanke fatar da ta ɗaɗɗago da almakashi, ta shafa man girki ta naɗe da tsumma mai tsabta. Tawul kuwa bai fasa fitowa ba.

Ranar da suka dawo, Mama ta yi wanka ta sa rigarta mai kyau, ta wanke hannu sau uku. Falo ya cika da 'yan barka. Uwar mijin ce ta shigo da jaririn a ƙirji, mace mai jiki da zobba a yatsu, ta zauna a tsakiyar doguwar kujera. Mama ta matso. Ta ga ɗan kunne, ta ga gashi baƙi siɗik a manne da kai. Ta ce, "Masha Allah. Kawo shi nan, 'yar'uwa, na ga mutumin da ya sa mu jira." Ta miƙa hannu.

Uwar mijin ta dubi hannun, ta ja jaririn jikinta.

"Innalillahi! Me ya same ki haka? Wannan ai ciwo ne. Yana ruwa fa!"

Kowa ya zuba wa hannun ido: fatar ta yi fari-fari ta tattare, gaɓoɓin a tsage, babban yatsan ya yi jawur. Mama ta tsaya da su a miƙe, ta rasa inda za ta kai su. Ta juya ta dubi 'yarta. Kalma ɗaya take jira, a faɗi inda hannun ya samo wannan.

Auta ta gyara zama a kan filo ta ce, "Wallahi mun yi ta fama da ita. Mun sayi magani, mun sayi safar hannu. Mama ba ta jin magana, ba ta iya zama ba aiki."

"Tsofaffinmu ke nan," in ji surukin. Mata suka yi 'yar dariya, aka ce sannu, aka ce Allah ya sawwaƙe. Wata ta ba da labarin kakarta da ita ma haka take.

Uwar mijin ta ce, "Wankan yaro dai ki bar mini, 'yar'uwa, har ki samu sauƙi. Fatar jariri ba ta son wasa."

Mama ta ce, "Haka ne." Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa. "Na ɗan riƙe shi kawai. Ko minti ɗaya."

Aka dubi juna. Auta ce ta samo dabara. Ta ce wa matar da ke taya ta aiki, "Ɗauko mana tawul a kabad, manya guda biyu." Aka kawo. Aka ce Mama ta zauna ta miƙe hannuwa, aka shimfiɗa mata tawul ɗaya a kai, aka ninka na biyun aka ɗora, aka lulluɓe har yatsu. Sannan uwar mijin ta ɗora jaririn a sama, ba ta ma janye nata hannun daga ƙarƙashin kansa ba.

Mama ta ji nauyinsa, nauyin kawai. Ɗuminsa bai ratso ba, don tawul ɗin masu kauri ne, ita ta san kaurinsu fiye da kowa. Yaron ya motsa baki, ya buɗe ɗan tafin hannunsa yana laluben abin kamawa, yatsunta na nan ƙasa da shi a naɗe. Ta sunkuyar da kai tana kallon sa, idonta ya cika, ta yi ta ƙiftawa don kar ya ɗiga masa a fuska.

Auta ta matso kusa, ta leƙo ta gefen kafaɗarta. Mama ta ɗauka ɗanta take kallo, ko ita. Sai ta ga yatsan Auta, mai laushi, mai sheƙi, ya sauka a gefen tawul ɗin, inda wani ɗan tabo rawaya ya rage.

"Mama," ta ce a hankali, don kar baƙi su ji, "wannan bai fita ba."